Majinyata Biyu, Mijina da Mesarsa

Matan zumuntar majami'armu sun matsa mini in rubuta abin da ya same mu a daminar bara, don labarin ya yi ta yawo a Kafanchan har ya tsiro ƙafafu da fukafukai. A kasuwa na ji wata mai sayar da daddawa tana ba da shi, ba ta san ni ce mai labarin ba, wai maciji ya yi magana da muryar mijina. To, ga yadda abin ya faru daga bakin wadda ta wanke majinyatan duka biyu da hannunta. Na rubuta don godiya ga Ubangiji, da kuma don duk mai ajiye da maganin kaska a gidansa ya ji da kyau.

Sunana Saratu, ɗinki nake yi a gida. Mijina Ishaya, wanda duk gari ke kira Ticha, kimiyya yake koyarwa a sakandare, ran Lahadi kuma shi ke karanta Littafi a majami'a. Ba ya sha, ba ya duka, albashinsa a hannuna yake sauka. Amma Allah ya jarrabe ni da shi ta wani wajen: duk abin da ke rarrafe abokinsa ne. Wata rana leburorin jirgin ƙasa suka tono wata 'yar mesa a ƙarƙashin kwalbati, har sun hura wuta za su gasa ta, ya je ya yi ta roƙo ya karɓo ta don ɗalibansa su koyi karatu da ita. Ɗaliban suka sa mata suna Gudus, saboda tsawonta da tafiyarta a hankali kamar jirgin kaya.

Muddin tana makaranta ba ruwana. Amma da aka yi dogon hutu sai ga Ishaya da akwatin katako a bayan keke, wai ba mai ba ta ɓera in ya bar ta can. Muka yi ta yi. A ƙarshe na ba shi tsohon ɗakin kaji na bayan gida da sharaɗi uku: kada in gan ta, kada in ji labarinta, kada a taɓa mini kwano ko bokiti saboda ita. Ya cika alkawari sarai. Wannan cika alkawarin ne ya kusa kashe shi, don da yana ba ni labarinta da na san abin da yake yi a ɗakin nan kowace Asabar da yamma.

Lahadin farko da ciwon ya fara, yana tsakiyar karatu a majami'a na ga yana ta share goshi, alhali ruwa ake yi a waje, kowa ya lulluɓe da mayafi. Ya matso da Littafin kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matsowa. Ya dai lallaɓa ya ƙarasa. Muna fita ya yi amai a gindin mangwaro. Ya ce kansa na sarawa, baƙaƙen suna yi masa hazo, miyau kuma ya cika masa baki. Mai kemis na bakin tasha bai ko tashi daga kujerarsa ba ya ce zazzaɓin sauro ne, damina ce, kowa na yi. Ya ƙirgo mana ƙwayoyi masu ɗaci. Zuwa Laraba Ishaya ya warware, har ya ci tuwon acca da miyar karkashi ya nemi ƙari. Muka ce magani ya yi.

Lahadi ta biyu bai kai ƙarshen karatun ba. Na ga naman kumatunsa yana rawa shi kaɗai, sai gwiwoyinsa suka saki, ya zube a gaban jama'a da Littafin a hannu. Dattawa suka ɗauko shi zuwa gida. Ran nan ya yi ta zawo da amai, gumi ya jiƙa katifa har ƙasa.

Litinin muka yi sammakon asibiti. Duk wanda ya san layin karɓar kati a damina ya san abin da nake nufi: mutanen ƙauyuka sun riga mu, wasu a nan suka kwana, ga masu tari, ga masu gyambo, ga mata da goyo, rumfar kuma tana yoyo daidai inda muka samu wuri. Sai da rana ta take muka shiga. Likita ɗaya ne a lokacin, wani Ba'indiye, kuma manyan cututtuka kawai ake kai masa. Malamin asibitin da ya gan mu ya gaji har ba ya ɗaga kai. Ya ce, "Zazzaɓi? Amai? Ciwon kai?" Kafin in ce har da miyau da rawar nama ya riga ya rubuta allura. Ban riƙe shi a zuciya ba, don mutum ɗaya ba zai duba rabin ƙasa ba, amma da ya ɗaga kai ya kalli idon mijina sau ɗaya da an rage mana wahala. Zuwa Alhamis Ishaya ya sake miƙewa, sai dai ya rame, tafiyarsa kamar ta wanda ya sha burkutu.

A makon nan ne magana ta fara. Mama Rifkatu, shugabar matan zumunta, ta zo gaisuwa da kwanon kunu. Mace ce mai kirki, ita ta karɓi haihuwar 'yata Ladi, amma in ta kama zance ba ta saki. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Saratu, ki buɗe ido na ki. Wanan ba zazzaɓi ba ne. Me ya sa ba ya kama shi ran kasuwa, ba ya kama shi ran aiki, sai ran choci? Sai ya buɗe Maganar Allah? Kin ajiye abin da ya ruɗi Hawwa'u a bayan gida, kina tambaya wai mene ne." Na ce, "Mama, dabbar makaranta ce." Ta ce, "To, mu gani."

Na yi fushi, amma da ta tafi na ga abin da ta faɗa game da Lahadi gaskiya ne.

Asabar ta uku na ga Ishaya yana dafa bango zai tafi bayan gida. Na ce ya zauna. Ya ce, "Maman Ladi, Gudus ba ta da lafiya, bari in duba ta." Na ce ban son jin labarinta. Wayyo bakina. Ya daɗe a can ya rufe ƙofa saboda ruwa, ya fito hannun rigarsa sharkaf. Washegari ko majami'ar bai kai ba. Ana kaɗa ƙararrawa, yana ɗaura takalmi, ya faɗi yana kakkafewa, kumfa na fita a baki, ƙirjinsa na kurkur kamar tukunyar tuwo. Maƙwabcinmu direban reluwe ne, shi ya nemo mota muka kai shi. Aka ba shi gado, aka sa masa ruwa a jijiya. Likita kuwa ya tafi Kaduna taro, sai Talata. Wata nas ta ce farfaɗiya, wata ta ce sanƙarau, wata ta tambaye ni a hankali ko akwai wanda ya ba shi abinci a waje. Ina zaune ina goge masa miyau, yana kallona bai san ni ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Na fara tunanin yadda zan faɗa wa Ladi.

Litinin da hantsi ƙanwata ta karɓe ni a asibiti, na koma gida ɗauko zane. Na tarar da yaƙi a tsakar gidana. Ga Mama Rifkatu da mata huɗu ko biyar, da samari biyu riƙe da adduna. Ga kuma Baba Didam, ƙanen mahaifin Ishaya, wanda labari ya iske shi a ƙauyen Madakiya ya hau keke cikin taɓo ya zo. Tsoho ne da bai taɓa shiga majami'a ba sai ran aurenmu, ran nan ma a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ja kujerar ɗinkina ya dasa a ƙofar ɗakin kaji, sandarsa a gicciye a cinya.

Mama Rifkatu ta ce, "Yauwa, ga uwar gida ya zo. Saratu, ki gaya ma tsohon nan ya tashi. Yau za mu sare kan abin nan mu ƙone shi, Ticha ya samu lafiya cikin sunan Yesu."

Baba Didam bai kalle ta ba. Da yarenmu ya yi mini magana, ya ce, "Matarmu, zo ki leƙa." Na ce ba na iyawa. Ya ce, "Na fito daga wurin ɗana yanzu. Zo ki leƙa ki gaya mini abin da kika gani."

Na leƙa. Gudus tana kwance rabi a rigingine, farar fatar cikinta a sama, ta kasa juyawa. Ta ɗaga kai ta lanƙwasa shi baya tana kallon rufi, baki a buɗe da kumfa, naman jikinta yana rawa wuri-wuri, daidai yadda na bar kumatun mijina.

Baba ya ce, "Kin gani. Numfashinsu ya haɗu. Ban san yadda aka yi ba, amma na ga irinsa ina yaro. In wannan ta mutu yau, gobe mu haƙa rami. Wanda zai sare ta ya fara da ni."

Gaba kura, baya sayaki. Ɗaya ta ce in ba a kashe ta ba mijina zai mutu, ɗaya ya ce in an kashe ta zai mutu. An yi mini baftisma tun ina 'yar shekara goma sha biyu, ban yarda da haɗuwar numfashi ba, kuma har yau ban yarda ba. Amma na yi lissafi irin na mai ɗinki: yadin da ba a yanka ba ana iya yanka shi gobe, wanda aka yanka ba ya komawa. Na ce, "Mama, ku ba ni zuwa gobe. Ku je asibiti ku yi masa addu'a, can ya fi bukatarku." Ta kalle ni kamar na yi ridda, amma ta kwashi matanta suka tafi, kuma sun yi addu'ar, har da waƙa, sai da nas ta kore su.

Suna fita Baba ya ce, "To, ba a barin majinyaci cikin ƙazantarsa." Na ce ya wanke ta mana. Ya nuna mini hannunsa mai rawar tsufa, ya ce shi kai kawai zai iya riƙewa. Ni da ko tsumma na gani a hanya sai na yi tsalle, na ɗauko babban bahon wankina, wanda na rantse ba za a taɓa shi saboda ita ba, na sirka ruwa mai ɗumi. Na rufe ido na kama ta. Na zaci santsi zan ji, sai na ji ta a bushe da sanyi da nauyi, ba ƙarfi ko kaɗan, kamar hannun mai barci. Ina wanke ta ina karanta Zabura ta ashirin da uku da ƙarfi, Baba yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, wani wari kuma ya taso, tsakanin kananzir da tafarnuwa. Na san warin nan. Shi ne a rigar da Ishaya ya sa ran Asabar, wadda na tura ƙarƙashin gado ban samu wankewa ba. Shi ne kuma a jikin karenmu Kyaftin duk ran da aka yi masa wankan kaska. Kafin in gama, hannuwana suka fara zafi, fatar idona ta fara rawa, kaina ya ɗauki sara. Na tura akwatin gefe. Ga gwangwanin maganin kaska mai hoton kare a bayan akwatin, da ƙaramin kwano da soso. Gwangwanin da muka saya a ofishin dabbobi farkon damina, wanda murfi ɗaya ake zubawa a bokiti cike, wanda ya kamata ya kai mu baɗi, saura ɗan kaɗan a gindi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Asabar wanka, Lahadi faɗuwa. Na ce, "Baba, ba numfashinsu ne ya haɗu ba, kwanon wankansu ne ɗaya." Ya ce, "Ko ma mene ne, ai ya haɗu."

Talata tun kafin a buɗe ɗakin likita ina bakin ƙofa da gwangwanin a ƙunshe cikin jarida. Nas ta ce in bi layi. Ni Saratu da ba na iya ɗaga murya ko a taron mata, na ce mata layin nan na bi shi makon jiya, ga inda ya kai ni. Ina ganin likitan ya sauko daga mota na sha gabansa na miƙa masa. Ya karanta, ya sansana, ya ce in kai shi wurin mara lafiyar. Ya buɗe idon Ishaya ya haska tocila, ya kira ni in gani: baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ya juya ga nas-nas ɗin da Turanci mai zafi, sannan ya ce mini da 'yar Hausarsa, "Mama, kowa tambaya me ya ci. Ba wanda tambaya me ya taɓa. Fata ma baki ne, yana sha." Wannan maganar ba za ta fita kaina ba har in mutu.

Nan take ya sa aka tuɓe shi aka yi masa wanka da sabulu tun daga gashi har ƙarƙashin farce, aka canja zanen gado, ya ce rigar Asabar a ƙone ta. Ni ma ya duba idona ya sa na wanke hannu har gwiwar hannu. Sai allura, wadda ya kira atirofin. Ba sau ɗaya ba, ana yi ana dawowa ana saurarar ƙirjinsa ana ƙarawa, ya ce sai bakin ya bushe za a sassauta. Ta asibitin ta ƙare, aka aike mu nema, a nan akuyata mai ciki ta tafi kasuwa. Ban yi kukanta ba. Kafin yamma kurkur ɗin ƙirjin ya ragu. Jikinsa ya yi zafi ya bushe, ya yi ta sambatu yana kiran sunayen ɗalibai yana cewa su buɗe shafi na kaza. Na tsorata, nas ta ce aikin allurar ne, in gode Allah. Washegari da rana ya buɗe ido ya ce, "Maman Ladi." Na fashe da kuka. Kalma ta biyu da ta fito daga bakinsa kuwa ita ce, "Gudus fa?" Da ba a gadon asibiti yake ba da na mare shi.

A hankali ya ba ni labari. Kaska ya gani sun maƙale a ƙarƙashin ɓawon jikinta. Ya ce a ransa, abin da ya raba Kyaftin da kaska zai raba ta. Shi Kyaftin a fili ake yi masa, da ruwa mai yawa, a watsa a bar shi ya gudu ya sha iska. Ita kuwa sai an riƙe ta cikin kwano da hannu biyu, a ɗaki a rufe, tana nannaɗe masa hannu har kafaɗa. Da ya ga ta fara rashin lafiya sai ya ɗauka kaskar ce ke shanye mata jini, ya ninka maganin. Da ta ƙara lalacewa ya sake ninkawa. Malamin kimiyya guda! Na faɗa masa haka, ya ce, "Na sani."

Na zaci an gama, ashe da saura. A mako na huɗu gubar ta bar ƙirji ta koma gaɓoɓi. Wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, hannunsa ya kasa riƙe cokali. Likita ya ce hakan na faruwa, zai dawo in yana cin abinci, amma a sa ido kan numfashinsa. Sai Ishaya ya ƙi ci. In na kawo kunun acca ya kurɓa sau biyu ya juya fuska bango. Ya ji abin da ake faɗa a gari, cewa Ticha na da tsafi a bayan gida, ya ce da wane ido zai sake tsayawa gaban jama'a. Ya ce, "Na ƙwace ta daga wuta na zo na kashe ta da hannuna. Kada ki ɓoye mini, na san ta mutu." Na rantse masa tana nan, ya ce lallashi ne. Ina kallo mutumin da allura ta ceto yana narkewa don baƙin ciki.

Na tambayi likita maganin mesa, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce shi na mutane ya karanta. Na je ofishin dabbobi. Malamin da ke wurin ya riƙe baki, ya ce, "Madam, kare aka zana a jiki, ba maciji ba. Ko kyanwa ba a yi ma da wanan. Maciji kuwa yana sha ta fata, yana sha ta baki in yana cikin ruwan, jikinsa kuma ba ya fitar da shi da wuri." Ya ce ba shi da allurar da zai ba ta. In ƙone akwatin da duk abin da ke ciki don katakon ya sha maganin, in riƙa jiƙa ta a ruwa mai tsabta mai ɗumi, in sa ta inda ba sanyi, kada in tura mata abinci. Ya ƙara da cewa kada in sa rai.

Haka na zama mai jinya biyu. Da safe asibiti, in wanke Ishaya, in yi faɗa da shi kan kunu. Da rana gida, ni da Baba Didam, wanda ya ƙi komawa Madakiya ya bar gonar cittarsa ga ciyawa. Kafinta ya yi mana sabon akwati, na shimfiɗa tsofaffin ƙyallayen ɗinki, na riƙa cika kwalba da ruwan zafi ina naɗewa ina ajiye mata a gefe. Ɗinki ya tsaya cak, masu kaya suna zuwa suna komawa. Wata cikinsu ta leƙo ta gan ni ina ɗiga wa mesa ruwa a baki da cokalin shayi, ta bar yadinta ta gudu, har yau ba ta zo karɓa ba. Mama Rifkatu ta daina yi mini magana, amma kullum kunu na zuwa asibiti daga gidanta. Wannan ba zan manta mata ba.

Da farko rawar jikin ta tsaya. Bayan kwanaki ta iya juyawa da kanta. Wata rana ina canja mata ruwa ta zaro harshe ta taɓa bayan hannuna, Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ta gaishe ki." Na kai wa Ishaya labari ya ce ina ƙoƙari dai. Sai kuma idanunta suka yi fari kamar na makaho, jikinta ya dushe, ta shige ƙarƙashin ƙyallaye ta ƙi motsi. Na ce shi ke nan. Ban faɗa masa ba, ashe da na faɗa da ya yi murna, don shi ya san abin da hakan ke nufi.

A mako na shida, wata Juma'a da rana ta fito bayan ruwa, na buɗe akwatin na ga macizai biyu. Na yi ihu na faɗa kan Baba. Da muka duba, ɗayan saɓa ce, ta tuɓe tsohuwar fatar tun daga baki har wutsiya, har da matattun kaska a jiki. Ita kuwa tana kusurwa tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Baba ya kamo ɓera a rumbun maƙwabta ya jefa mata. Ban tsaya kallo ba, na ji dai ɓeran ya yi ƙara sau ɗaya.

Na naɗe saɓar a ɗankwali na kama hanyar asibiti, rabi tafiya rabi gudu. Na warware ta a kan gadon Ishaya. Mai karyayyar ƙafa da ke gadon kusa, wanda ya yi wata bai taka ba, sai ga shi a bakin ƙofa. Nas ta zo da faɗa. Ishaya kuwa ya bi ta da yatsa daga kai har wutsiya, ya ɗaga wajen idanun ya duba a haske, hawaye na zuba. Ya ce, "Wadda za ta mutu ba ta saɓa haka. Ta ci?" Na ce ta ci ɓera guda. Na ce, "Saura kai." Ya ce in miƙo kwanon. Ya shanye kunun Mama Rifkatu tas, da hannunsa, yana zubarwa a ƙirji, ya tambaya ko akwai paten acca.

Bayan mako biyu aka sallame mu. Lahadin da ya koma karatu majami'a ta cika har tagogi, har waɗanda ba su zuwa sai Kirsimeti, kowa ya zo ganin ko zai faɗi. Baba Didam yana bakin ƙofa inda ya tsaya ran aurenmu. Ishaya ya hau da sanda, ya buɗe Littafin. Ba tari, ba kukan yaro. Ni ban ji kalma ɗaya daga karatun ba, gwiwoyinsa kawai nake kallo. Ya karanta har aya ta ƙarshe, ya rufe, yana tsaye. Wadda ta fara rangaɗa guɗa Mama Rifkatu ce. Da Fasto ya kira ni in ba da shaida na ɗaga gwangwanin sama kowa ya ga hoton karen, na ce ga tsafin da ke bayan gidanmu, a ofishin dabbobi ake sayar da shi. Na ce majinyata biyu Ubangiji ya ba ni, kuma duka biyun ya tashe su. Aka yi ta dariya ana tafi. A waje Mama ta rungume ni ta ce addu'a ce ta yi aiki. Baba ya ce, "Ban faɗa ba? Ta tashi, ya tashi." Na bar kowa da nasa, domin ba don addu'ar Mama ba da na haukace, ba don taurin kan Baba ba da an sare ta ban taɓa jin warin nan ba.

Ga gargaɗina. Maganin da aka yi don kare na kare ne. Kada ku gwada shi a kan maciji, ko kyanwa, ko wani abin da ba a ambata ba, sai kun tambayi masu aikin dabbobi. Kada ku ƙara a kan awon da aka ce, kada ku sa hannu tsirara, kada ku yi a ɗaki a rufe. In mutum ya kama gumi da miyau da rawar nama, ku duba abin da ya taɓa jiya, ku ɗauki gwangwanin ku tafi da shi asibiti. Ku mata kuma, in maigida na da abin da yake yi a bayan gida, ko ba kwa so, ku riƙa tambaya.

Gudus ta koma makaranta, amma duk hutu tana zuwa. Kaskarta yanzu da hantsaki ake cirewa, ɗaya bayan ɗaya, a ɗiga man gyaɗa a wurin. Hannun Ishaya bai daina 'yar rawa ba, don haka shi ke riƙe kai, ni ke cirewa. Asabar da ta wuce muna cikin yi ya dube ni yana murmushi ya ce, "Maman Ladi, kin fara sonta." Na ce, "Riƙe kan nan da kyau, Baban Ladi. Ba sonta nake ba. Na dai sha wuya a kanku ku biyu, ba wanda zai sake kwanta mini."